Tulun Hansai a Birnin Tsatso

A ƙarƙashin ƙasar nan da muke takawa akwai wani birni na aljanu, ana ce da shi Birnin Tsatso. Mutanen birnin ba sa noma, ba sa fatauci. Aikinsu guda ne: duk macen da ta haihu a duniya, su ke ajiye labarin 'ya'yanta, wa ta fara haifa, wa ya biyo baya. Ba a zuwa birnin don ana so. Sai wanda zare ya ja. Ga yadda zare ya ja wata yarinya mai suna Tasalla.

Tasalla 'yar fari ce. Tun da aka yaye ta aka kai ta wurin kakarta ta wajen uwa, wata tsohuwa mai suna Hansai, a garin Kwarin Marke. Uwar Tasalla tana nan cikin garin a gidan mijinta, amma saboda kunyar 'yar fari ba ta taɓa kama sunanta ba. In ta tashi magana sai ta ce "'yar tsohuwa". Ita kuma Tasalla Yaya take ce mata. Yarinya ce mai nauyin baki. In baƙi suka shigo sai ta shige bayan rumbu. Abin da ta iya shi ne kaɗi, shi kuwa ta iya shi sosai.

A shekarar da ciwo ya kwantar da Hansai, wata rana da hantsi ta kira jikarta.

Ta ce, "Ke kurma, ajiye audugar nan ki zo. Gumbarki ta kusa, kwanan nan za ki ci ki ƙoshi."

Tasalla ta ce, "Kaka, ke da ko haƙori ba ki da shi, mutuwa me za ta yi da ke?"

Tsohuwa ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa sai fuskarta ta canza. Ta ce, "Zauna. Akwai abin da ya tsaya mini a wuya, ba na son in tafi da shi."

Ta ce ita a wani gari aka haife ta, Dogon Faru, can nesa. Tana ƙarama gwaggonta ta ɗauko ta riƙo ta kawo ta nan. Gwaggon ba ta daɗe ba ta rasu, Hansai ta tashi a hannun mutanen gidan. Abin da ta sani kawai shi ne sunan uwarta Shekara, kuma tana da wa mai suna Nomau. Bayan ta yi aure sai labari ya zo za a aurar da ƙanwarta. Ta yi guzuri, ta bi ayari ta tafi.

"Na shiga ɗakin da uwata take, na durƙusa na gaishe ta. Tasalla, matar nan ta ja mayafi ta juya fuskarta bango. Ta ce wa matan da ke ɗakin, 'Ku ba baƙuwar nan ruwa.' Baƙuwa! Da yamma maroƙi ya tashi yana jero 'ya'yanta: Shekara uwar Nomau, uwar Cindo, uwar Lantana. Ya tsaya nan. Ina tsaye a wurin, ba wanda ya ce masa ka bar ɗaya."

Tasalla ta ce a hankali, "Kaka, ko kunya ce?"

"Kunyar me? Ni ce ta fari? Nomau ne babba, kowa ya sani, kunya tasa ce. Lokacin ma ya tafi fatauci, ban gan shi ba. Ni dai ko ba ita ta haife ni ba, ko ta haife ni ba ta so na. Gari na wayewa na ɗaure kayana na taho, ban yi wa kowa sallama ba. Ban sake komawa ba. Yanzu garin ma ya tashi, ya zama kufai. Ba wanda zan tambaya."

Ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta jawo wani tsumma. A ciki akwai tsohon mazari, ya yi baƙi don tsufa.

"Wannan na tarar a cikin kayana da na dawo. Ban san wanda ya sa shi ba. Na ce ko mantuwa aka yi. Ban taɓa kaɗi da shi ba. Ki ɗauka, na ba ki. Ni dai da zan san 'yar wa ce ni, da na mutu da sanyin rai."

Tasalla ta shafa alli a yatsunta, ta ɗauko auduga ta murza mazarin don ta ga ko yana da daɗin hannu. Mazari ya juya, ya ƙi tsayawa. Bakin zaren ya fizge daga hannunta ya naɗe ɗan yatsan Hansai. Mazarin kuwa ya diro ƙasa ya nufi ƙofa yana juyi, zare yana fita daga jikinsa.

Hansai ta ce, "Bi shi."

"Kaka, ni da ko rijiya ba na zuwa ni kaɗai?"

"Bi shi, na ce. Ina riƙe da wannan bakin. Muddin kin ji zaren da ƙarfi, ina nan."

Mazari ya zagaya bayan ɗaki, wurin da ake binne cibiyar jarirai. Ƙasa ta tsage. Tasalla ta yi bisimilla, ta kama zare ta bi shi ciki.

Ta yi ta gangarawa har ta fito wata ƙasa mai haske irin na hadari, ba rana ba wata. Ba ta yi nisa ba ta tarar da kogi yana tafasa, tururi ya rufe ɗaya gaɓar. A bakin kogin ga wata aljana doguwa zaune cikin ƙatuwar ƙwarya, hannuwanta har gwiwa, tana riƙe da damin ganyen darbejiya. Mazari ya bi ta kan ruwa ya haye abinsa.

Tasalla ta durƙusa ta yi sallama. Aljana ta amsa ta ce, "Ya ke 'yar Adam, wannan shi ne Kogin Jego. Duk ruwan zafin da mai jego ta taɓa wanka da shi a duniya, nan yake gangarowa. Ba na haye da kowa sai ya faɗi sunan uwar da ta haife shi, sunan yanka, da murya mai ƙarfi."

Tasalla ta sunkuyar da kai. Tun da take ba ta taɓa furta sunan nan ba. Ta motsa leɓe, ba abin da ya fito. Kogi ya taso ya fara lasar gaɓa. Zaren da ke hannunta ya jiƙe da tururi, ya fara laushi.

Aljana ta ce, "Ya ke 'yar Adam, zare ba ya jure wa kogin nan. Ki faɗa ko ki koma."

Tasalla ta rufe ido ta ce, "Suwaiba!" Sai ta rufe fuska da tafin hannu kamar wadda ta yi sata.

Aljana ta ɗauke ta ta sa cikin ƙwarya. Suna tsakiyar kogi ta tsoma ganyen darbejiya a ruwa ta fyaɗa mata a baya. Tasalla ta ƙwalla ƙara.

Aljana ta ce, "Wannan ɗigo ne daga cikin abin da Suwaiba ta sha safe da yamma saboda ke. Ki riƙe shi, zai yi miki amfani a gaba."

Da ta sauka ta ci gaba da bin zare, bayanta yana raɗaɗi. Ta shiga wani fili mai busassun itatuwa. A kan rassan tsuntsaye ne manya masu kawunan mutane, kowane da kalangu a ƙarƙashin fiffike. Suna ganin ta suka ɗauki kiɗa, har ƙasa tana rawa. Babbansu ya sauko gabanta, yana da jar hula da baki har kunne.

Ya ce, "Maraba da 'yar manya, jikar manya! Mu ne maroƙan ƙarƙashin ƙasa. Duk zuriyar da aka taɓa jerowa a taron suna ko na biki, tana bakinmu. Wa kike nema?"

Tasalla ta ce, "'Ya'yan Shekara ta Dogon Faru."

Tsuntsaye suka buga kalangu suka ɗauka baki ɗaya: "Shekara uwar Nomau! Uwar Cindo mai yatsa shida! Uwar Lantana auta!" Suka tsaya nan.

Ta ce, "Hansai fa?"

Babban ya karkata kai. "Wace ce Hansai? Ba a taɓa faɗin ta a taro ba. Abin da ba a faɗa a taro ba, ba mu san shi ba." Ya matso kusa ya rage murya. "Amma ya ke yarinya, me zai sa ki wahala? Ki ce to kawai, mu ɗora kakarki a kan zuriyar wani babban malami, mu ba ta uwa mai son ta, mu koya miki waƙar. Ki koma ki rera mata, ta mutu tana murmushi. Wa zai sani?"

Tasalla ta tuna fuskar kakarta. Ga gajiya, ga tsoro. Ta buɗe baki za ta ce to, sai ta ji ƙaiƙayi a damtsenta. Ta duba, ga gashin tsuntsu ya fara tsirowa. Ta dubi tsuntsayen nan da kyau, ta ga wasunsu da 'yan kunne, wasu da tsagar gado a kumatu. Ashe duk mutane ne da suka ce to.

Ta ce, "A'a, ranka ya daɗe. Kaka ba ta aike ni neman uwa mai kyau ba. Tata uwar ta aike ni nema."

Gashin ya zube. Tsuntsaye suka taso mata da tsawa, suna saran ta da baki, suna neman tsinke zaren. Ta cusa zaren cikin mayafinta ta duƙa a kansa tana gudu, suna yagar bayanta, har ta fita daga filin.

A gaba ta hango ganuwa, an gina ta da fasassun tukwane tun daga ƙasa har inda ido ya tsaya. Mazari ya shige ta ƙofa, ta bi shi. Cikin birnin ba gidaje, sai rumfuna, kowace rumfa cike da tuluna jere a layi. Ko'ina sai ƙara kake ji ƙas, ƙas, ƙas, kamar an fara yayyafi a kan busasshen ganye. Mazari ya je gaban wata tsohuwar aljana da ke zaune kan turmi, ya faɗi ya daina juyi. Gashin tsohuwar fari fat, ya sauko ya shimfiɗu a ƙasa kamar tabarma.

Tasalla ta durƙusa ta gaishe ta.

Tsohuwa ta ce, "Lafiya lau, ya ke 'yar Adam. Ni ce Uwar Tuluna. Kowace uwa tana da layi a nan, kowane ɗa yana da tulu. Duk lokacin da uwa ta kira ɗanta da sunansa, ƙwayar gero ɗaya takan faɗa cikin tulunsa. Ƙarar da kike ji ke nan. Layin wa za a nuna miki?"

"Na Shekara ta Dogon Faru, Iya."

Uwar Tuluna ta tashi, gashinta yana jan ƙasa, ta kai ta wata rumfa da ƙura ta rufe. Nan ba a jin ƙarar komai, don masu layukan duk sun mutu. Ta nuna mata layi. Tasalla ta ƙirga: tulu huɗu!

Ta ce, "Huɗu ne! Iya, wannan na wa?"

"Na Hansai."

Tasalla ta yi tsalle, ta manta da ciwon bayanta. Ta leƙa tulun Nomau, cike har baki. Na Cindo cike. Na Lantana har ya zuba a ƙasa. Ta leƙa na Hansai. Ba komai. Ta zura hannu har kafaɗa ta shafa gindin, ko ƙwaya ɗaya babu.

Ta ce, "Ko ɓera ya ci?"

Uwar Tuluna ta ce, "Ɓera ba ya shiga birnin nan. Shekara ba ta taɓa kiran Hansai da baki ba, tun daga ranar suna har ranar da aka binne ta."

Tasalla ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai yawa. Ta ce, "To me zan kai mata? In ce mata e, Kaka, ita ta haife ki, amma ba ta taɓa kiran ki ba ko sau ɗaya? Gara ma da ban zo ba."

Tasalla ta taɓa zaren, ta ji ya sirance ya koma kamar saƙar gizo-gizo. Ta share hawaye, ta ɗauki mazari, ta yi sallama ta kama hanyar ƙofa.

Tana wucewa ta wata rumfa ta masu rai sai ƙafarta ta tsaya. Wani layi ya ja idonta, ba wanda ya gaya mata amma ta san na uwarta ne, Suwaiba. Tana kallo ƙwaya ta faɗa a tulun ƙarshe, ƙas, ta sake faɗawa, ƙas. Ta san Yaya ce ke ƙwala wa autansu kira ya zo ya ci abinci. Ta matsa ta leƙa tulun da ke kan gaba, nata. Wayam, kamar na kakarta.

Raɗaɗin ganyen darbejiya ya motsa a bayanta. Matar da ta sha zafin wannan ruwan saboda ita, ga tulun da ta bar mata ba ko ƙwaya. Kuma Tasalla ta san ba ƙiyayya ba ce.

Ta juya da gudu ta koma rumfar Shekara. Wannan karon ba cikin tuluna ta duba ba, jerinsu ta duba. Tulun Hansai ne a kan gaba. Na Nomau yana gefe, ɗan nesa da layi. Ta goge ƙura da bakin zanenta. Uku jar ƙasa ce iri ɗaya. Na Nomau baƙar ƙasa ce.

Ta ce, "Iya, don Allah, me ya sa na Nomau ya bambanta?"

Uwar Tuluna ta ce, "Kowane tulu da ƙasar wurin da aka binne cibiyar mai shi ake gina shi. Ba a gidan Shekara aka binne cibiyar Nomau ba. Ɗan yayarta ne. Uwarsa ta rasu yana jariri, Shekara ta ɗauke shi tun tana amarya, ta goya shi ya girma a hannunta. Mutanen gari suka saba, suka riƙa cewa shi ne babban ɗanta. Hansai kuwa an tafi da ita tun tana ƙarama, waɗanda suka san da ita suka tsufa suka mutu, masu tasowa ba su san ta ba. Ita kuma Shekara ba za ta buɗe baki a taro ta ce ku sa 'yata ta fari ba."

"Ashe Kaka ce 'yar fari."

"Ita ce."

"Me ya sa ba ki gaya mini tun ɗazu ba, Iya?"

"Ya ke 'yar Adam, mu ajiya aka ba mu. Wanda ya tambaya shi muke ba amsa."

Tasalla ta yi ta maza ta ce, "To ina tambaya. Sunan da ya zo bakin uwa, kunya ta hana ta faɗa, shi ina yake zuwa?"

Uwar Tuluna ta dube ta da daɗewa. Sai ta sunkuya ta ɗaga tulun Hansai. A ƙarƙashinsa ga rami, da matakala tana gangarawa.

Suka sauka. Tasalla ta ga wani ɗaki mai faɗi, cike da gero tsibi guda, ya kai har rufi. Ko an haɗa tulun Nomau da na Cindo da na Lantana ba za su kai kwatansa ba. Geron yana da ɗumi kamar yanzu aka sauke shi daga wuta.

Aljana ta ce, "Sunan da aka faɗa yana faɗawa tulu. Wanda aka haɗiye yana wucewa ƙasa. Wannan duk na Hansai ne." Ta ɗebo daga ƙasan tsibin. "Waɗannan na ranar da aka ɗora ta kan jaki za a tafi da ita. Shekara tana bayan ɗaki tana daka, ba ta fito ba, don kada a ce ta yi rashin kunya." Ta ɗebo daga tsakiya. "Waɗannan na ranar bikin Lantana, lokacin da ta juya fuska bango. Hawaye take ɓoyewa. Ita ta sa mazarinta cikin kayan 'yarta, tana nufin in an watse biki, ido ya ragu, ta sa a kira mata ita su zauna. Gari ya waye aka ce baƙuwa ta tafi." Ta nuna sauran tsibin har sama. "Waɗannan na shekarun da suka biyo baya. Duk ayarin da ya shigo Dogon Faru sai ta fita ƙofar gida ta tsaya, ba ta tambayi kowa ba, ta koma ciki."

Tasalla ta durƙusa gaban geron tana kuka ba sauti. Ta ce, "Iya, ki bar ni in ɗiba mata ko cikin tafin hannu."

"Mai shigowa birnin nan da ƙwaya ɗaya tak yake fita, kuma ba ya sake dawowa. In aka fasa ƙwayar a kunnen mai ita, zai ji kiran da muryar uwarsa, shi kaɗai, sau ɗaya. Amma kafin ki zaɓa, zo ki gani."

Ta ja ta ta wata ƙofa zuwa wani ƙaramin ɗaki. Nan ma ga tsibin gero, ya kai ƙugu. Suna tsaye wata ƙwaya ta faɗo daga rufi, wata ta biyo ta, wata ta biyo.

"Wannan naki ne. Yanzu haka Suwaiba tana neman ki."

Tasalla ta ɗauki ƙwayar da ta faɗo yanzu. Da ɗuminta. Tun tana ƙarama take son ta ji yadda sunanta zai fito a bakin Yaya. Takan laɓe ta ji tana kiran ƙannenta, ta riƙa gwada nata sunan da irin muryar a zuci. Ga shi yau a tafin hannunta, ƙumba ɗaya za ta sa ta ji. Ta kai ƙwayar kusa da kunne. Sai zaren da ke ɗaure a hannunta ya yi sako-sako.

Ta mayar da ƙwayar kan tsibin a hankali. Ta koma babban ɗaki ta ce, "Iya, ki ba ni ta ranar biki, wadda ta haɗiye tana kallon bango."

Uwar Tuluna ta zaɓo ta ba ta. Ta ce, "Ki yi sauri, ya ke 'yar Suwaiba. Mai riƙe da ɗaya bakin zaren hannunta ya fara saki."

Tasalla ta ƙulle ƙwayar a bakin zane ta fita da gudu, tana naɗe zare a mazari. Tsuntsaye suka bi ta da ihu suna cewa, "Ga mai uwa ta gaskiya! Me ta samo? Ƙwayar gero!" Ba ta waiwaya ba. Aljanar kogi ta haye da ita ba ta tambaye ta komai ba. Ta hau gangaren tana haki, zaren yana tsinkewa tana ƙullawa, har ta fito bayan ɗakin kakarta, ƙasa ta rufe.

A ganinta wuni guda ta yi. Amma ta tarar da tsakar gida cike da mata, an ce kwanaki ake neman ta, tsohuwa kuwa ba abin da take cewa sai "Ni na aike ta." Tasalla da ba ta iya ratsa mutum biyu, ta ture matan ta shiga ɗaki. An juyar da Hansai ta fuskanci alƙibla. Suwaiba tana zaune a kanta tana ɗiga mata ruwa a baki. Zaren yana nan a ɗan yatsanta, saura sili ɗaya.

Tasalla ta faɗa kusa da ita ta ce da ƙarfi, "Kaka! Na dawo! Ke ce 'yar fari! Nomau riƙo ne! Kunya ce, Kaka, kunyarki take ji!"

Hansai ba ta motsa ba. Wata tsohuwa ta ce, "Yarinya, ki yi haƙuri. Tun jiya ba ta jin magana."

Tasalla ta kwance bakin zane. Ta kai ƙwayar kunnen kakarta, ta matse ta tsakanin ƙumba biyu. Ta fashe. Ba wanda ya ji komai a ɗakin.

Hansai ta buɗe ido. Ta ɗaga kai daga matashi, ita da ta daɗe ba ta iya ɗagawa. Ta ce da wata ƙaramar murya irin ta yara, "Na'am, Inna."

Mata suka dubi juna. Hawaye ya gangaro ta gefen idon tsohuwa ya shiga kunnenta.

Ta ce, "Ashe ke kika sa mazarin. Inna, na taho ban yi miki sallama ba. Da na ƙara kwana ɗaya..."

Ba ta ƙarasa ba. Suwaiba ta laƙƙana mata kalmar shahada, leɓunanta suka bi. Zaren ya zame daga yatsanta ya faɗi kan tabarma.

Ranar sadaka aka daka gumba. Jikoki suka taru suna wawaso suna dariya, suna cewa tsohuwa ta daɗe tana yi musu rowa. Tasalla tana bayan rumbu ita kaɗai, da mazari a cinyarta. Ta murza shi, ya juya kaɗan ya faɗi kamar kowane mazari.

Sai ta ji tafiya. Suwaiba ce, da dunƙulen gumba a hannu, idanunta sun kumbura. Ta tsaya a kan 'yarta. Leɓunanta suka buɗe, suka rufe. Tasalla ta ga maƙogwaronta ya motsa, ta haɗiye wani abu.

Sannan ta ce, "Ke 'yar tsohuwa, karɓi ki ci."

Tasalla ta san can ƙarƙashin ƙasa ƙwaya ta faɗa kan tsibin da ba za ta sake gani ba. Ta miƙa hannu biyu ta karɓa, ta ce, "Na'am, Yaya."

Suwaiba ta ja mayafi ta juya fuskarta wajen bango. Amma ba ta tafi ba.